Yadda ake saita wasan hannun kulocin babur da gano abin da ke hana kuloci saki

Idan mai babur ya matse hannun kuloci har ya taɓa robar riƙo, ya taka giya ta ɗaya, sai ya ji ƙara mai ƙarfi babur ɗin ya zabura gaba ko injin ya mutu nan take, to kulocin ba ya saki yadda ya kamata. Haka nan idan yana tsaye a cikin cunkoso yana jin babur ɗin na jan sa a hankali duk da cewa hannun a matse yake, ko kuma ya yi ta taka giya sama da ƙasa yana neman firi bai samu ba sai ya kashe inji, matsalar ɗaya ce. Maganin da akasarin masu Boxer da Jincheng da Haojue ke fara yi shi ne su ɗaure wayar kuloci tamau har hannun ya daina motsi ko kaɗan. Wani lokaci hakan yana rage jan, amma yana haifar da ɓarnar da ta fi ta farko tsada, domin kulocin da aka hana wasa, wato ɗan motsin da hannu ke yi kafin ya fara jan kuloci, yana cinye faifansa ne a ɓoye, mai shi ba zai farga ba sai ranar da ya ɗauko buhu biyu ya zo hawan tudu inji ya yi ta kuka babur ya ƙi gaba.

Dalilin da ya sa ake barin wasa

Kulocin ƙananan babura irin waɗanda suka cika hanyoyinmu yana cikin murfin inji na dama, kuma a cikin baƙin mai yake aiki. Faifai ne iri biyu aka jera, ɗaya bayan ɗaya: masu fata, waɗanda galibi huɗu ne ko biyar, da kuma na ƙarfe zalla a tsakaninsu. Masu fata suna da kunnuwa a gefe da ke shiga cikin tsagogin kwandon kuloci, shi kuwa kwandon inji ne ke juya shi. Na ƙarfen suna da haƙora a ciki da ke kama cibiyar da ke haɗe da giya. Sifirin, galibi guda huɗu, suna danne jerin gaba ɗaya, ta haka ƙarfin inji ke wucewa zuwa giya, daga nan zuwa sarƙa da tayar baya. Matse hannu yana jan waya, waya ta ja wani ɗan hannun ƙarfe da ke kan murfin inji, shi kuma ya tura faifan da ke danne sauran, su rabu da juna.

Abin lura shi ne ratar da ake samu idan sun rabu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, milimita ɗaya zuwa biyu ce ake rabawa tsakanin dukkan faifan. Saboda haka duk wani ɓangare na tafiyar hannu da ya tafi a banza, wajen ɗauke sako-sakon waya, ragi ne daga wannan 'yar rata, kuma shi ke sa faifan su ci gaba da gogar juna. Wannan shi ne illar wasa mai yawa. Illar rashin wasa kuwa ita ce waya tana riƙe da faifan dannewa ko da an saki hannu, sifirin ba su samu sun danne da dukkan ƙarfinsu ba, faifan na sulɓewa suna ɗaukar zafi. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: a yawancin waɗannan injuna, yayin da fatar faifai ke cinyewa wasan hannu raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Wanda ya saita babur ɗinsa ba wasa yau, bayan 'yan makonni wayar za ta zama tana jan kuloci da kanta. Waya kuwa idan ta tsufa miƙewa take yi, wasa ya ƙaru. Abubuwa biyun suna ja ta fuskoki daban-daban, shi ya sa saitin ba na sau ɗaya ba ne.

Awo

Ana auna wasa ne inji na sanyi, kan babur a miƙe. A sa yatsa ɗaya a ja hannun kuloci a hankali. Da farko zai taho ba nauyi, sannan a ji ya ci karo da ƙarfi. Tazarar da ya yi kafin wannan ƙarfin ita ce wasa. Ana iya auna ta a wuri biyu, kuma rikita su yana jawo kuskure babba. Littattafan Honda, har da na CG125, suna ba da milimita 10 zuwa 20 a can ƙarshen hannu inda ƙwallon yake. Littattafan Bajaj kuwa suna ba da milimita 2 zuwa 3, amma a gindin hannu ake auna su, wato ratar da ke buɗewa tsakanin hannun da mazauninsa inda waya ke shiga. Awon biyu kusan abu ɗaya suke nufi, domin motsi kaɗan a gindi yana zama mai yawa a ƙarshe. Wanda ya ɗauki milimita 3 ya auna a ƙarshen hannu ya ɗaure kulocinsa fiye da kima, wanda kuma ya bar milimita 15 a gindi ba zai samu giya ba sam.

Wanda ba shi da abin awo ya nemi tsinken ashana. Kaurinsa kusan milimita 2 ne, don haka idan aka ja hannu zuwa inda ƙarfi ya fara, tsinken ya shiga ratar gindi ba tare da an tura shi da ƙarfi ba kuma bai yi yawo a ciki ba, saitin ya yi. Idan akwai littafin babur ɗin a hannu, abin da ya faɗa shi ne gaba da komai.

Saitin kansa

Wuraren saiti biyu ne. Na sama yana gindin hannu, a ƙarƙashin wata roba da ake zamewa baya: kusa ce mai rami wadda waya ta ratsa ta cikinta, da zobe mai kulle ta. Na ƙasa yana kusa da inji, inda rigar waya ta zauna a cikin wani ƙarfe tsakanin noti biyu, kuma sifana lamba 12 ko 14 ce galibi ke kama su. Na sama don ƙaramin gyara ne, da yatsu ake yin sa. Na ƙasa don babban gyara ne.

A fara da na sama. A sassauta zoben kulle, sannan a juya kusar. Idan aka mayar da ita ciki, wajen hannu, wasa zai ƙaru. Idan aka fito da ita waje, wasa zai ragu. A riƙa juyawa rabi-rabi ana gwadawa da yatsa, kada a yi juyi uku a lokaci ɗaya. Idan an samu awon da ake so, a riƙe kusar da hannu ɗaya a ɗaure zoben da ɗayan, domin kusar takan bi zoben ta juya saiti ya goce. Kusar da zoben kowanne yana da tsaga ta tsawo wadda ake fitar da waya ta cikinta. Kada a bar tsagogin sun daidaita da juna, kuma kada a bar ta kusar tana kallon sama, saboda nan ne ruwan damina da ƙurar hunturu ke samun ƙofa su shiga cikin rigar waya. Daga nan a mayar da robar.

Sau da yawa za a tarar kusar sama ta riga ta fito kusan ƙarshe, tiredi biyu ko uku kawai ke riƙe da ita. Barin ta haka haɗari ne, domin mazaunin hannu na alminiyom ne, kuma matsa mai ƙarfi ɗaya na iya tsinke tiredin a tsakiyar hanya. Abin da ya dace shi ne a mayar da ita ciki gaba ɗaya, a fito da ita juyi ɗaya ko biyu, sannan a sauka ƙasa. A can a sassauta noti na kulle, a juya ɗayan har wasa a hannu ya kusa daidai, a ɗaure su biyun a jikin ƙarfen, a koma sama a ƙarasa da yatsu. Amfanin wannan tsari shi ne an bar wa kusar sama sararin da za a riƙa ɗan gyarawa da ita nan gaba ba tare da an nemi sifana ba.

Wasu injuna, kamar Suzuki AX100 da Jincheng da aka ƙera a kan tsarinsa, suna da saiti na uku a jikin inji, wata kusa mai kan sukudireba da noti a ƙarƙashin ƙaramin murfi. Idan akwai ta, ita ake fara saitawa kafin waya: a saki waya sosai, a sassauta notin, a shigar da kusar a hankali har a ji ta taɓa, a mayar da ita baya kamar kwata na juyi, a riƙe ta da sukudireba a ɗaure notin. Wanda ya tsallake wannan mataki zai yi ta fama da waya ba tare da ya samu daidai ba.

Kafin a tayar da inji akwai gwajin da bai kamata a manta ba. A juya kan babur zuwa ƙarshen dama a taɓa hannu, a juya zuwa ƙarshen hagu a sake taɓawa. Idan wasa ya ɓace a gefe ɗaya, wayar ta bi hanyar da ba tata ba, ko ta maƙale a bayan fitila ko ƙarƙashin tanki, ko kuma an sa wayar da ta gaza tsawo. Hakan na yawan faruwa bayan an canza kan babur. Irin wannan babur zai riƙa sakin kuloci da kansa a kwana, kuma ba saiti ne maganinsa ba sai an gyara hanyar wayar.

Idan wasa ya yi daidai amma kuloci bai saki ba

A nan ne ake bukatar haƙuri, domin nan ne hannu ke ƙaiƙayin komawa ga kusar a ɗaure. A bar ta yadda take. A kafe babur a kan ƙafar tsakiya yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa, a bar inji ya yi ɗumi na 'yan mintuna, a matse hannu a saka giya ta ɗaya. Idan tayar ta riƙa juyawa a hankali, wannan ba laifi ba ne, man da ke tsakanin faifan ne ke jan ta. A taka birkin baya kaɗan: idan ta tsaya kuma muryar inji ba ta sauya ba, kulocin lafiya yake. Idan inji ya yi nauyi kamar zai mutu, akwai ja na gaske. Da birki kaɗai ake wannan gwaji, kada a kai hannu ko ƙafa kusa da taya da sarƙa.

Bincike ya fara daga waje, inda gyara ba ya cin kuɗi. Abu na farko shi ne silo, wato saurin juyin inji idan babur na tsaye ba a murɗa mai ba. Ƙananan injuna suna zama ne a wajen juyi 1,400 a minti, kuma idan an ɗaga silo sama da haka, kamar yadda wasu ke yi don kada inji ya mutu da safe, giya ta ɗaya za ta shiga da ƙara ko da kulocin sabo ne. Na biyu shi ne hannun kansa. Babur ɗin da ya taɓa faɗuwa ta hagu hannunsa kan lanƙwashe ya matso kusa da riƙo, sai ya taɓa robar tun bai gama jan waya ba. Haka abin yake ga masu naɗa roba ko ƙyalle mai kauri a kan riƙo don ado ko taushi. Kowane naɗi yana rage tafiyar hannu. Sai kuma ramin da kusar hannu ke ratsawa, wanda idan ya cinye ya zama dogo hannun zai riƙa lilo sama da ƙasa, wani kaso na matsar ya ɓace a nan. Hannun kuloci ba shi da tsada, canza shi ya fi miƙe shi da guduma, domin alminiyom ɗin da aka lanƙwasa sau biyu karyewa yake yi.

Waya ita ce ta gaba, kuma ta cancanci a cire ta a duba da kyau. A dubi daidai inda ta fito daga ƙullin da ke shiga cikin hannu, domin nan take fara tsinkewa sili-sili. Waya mai sili biyu ko uku a tsinke tana miƙewa idan an matse maimakon ta ja, kuma ba ta da sauran kwana mai yawa. A riƙe rigar a tura wayar ciki da waje: ya kamata ta zame ba tare da tirjiya ba. Idan tana kartar yashi, a rataye ta tsaye, a ɗaura 'yar leda a bakin rigar da roba ta zama mazurari, a zuba mai kaɗan a bar shi ya tsiyaya har ya fito ta ƙasa. Idan rigar ta fashe ko ta murƙushe a wani wuri, ko ta ƙone inda ta taɓa kan inji, sai sabuwa. A shafa ɗan giris a ƙullin da kusar hannu kafin a mayar. Daga nan a sa wani ya matse hannu ana kallon ɗan hannun ƙarfen da ke kan murfin inji. Idan an taɓa cire shi aka mayar a kan haƙorin da ba nasa ba, zai tsaya a karkace, waya ta riƙa jan sa ta gefe ba tare da ya juya sosai ba.

Baƙin mai

A ganina wannan ne dalilin da aka fi rainawa, alhali yana cikin waɗanda suka fi yawa. Tunda faifan a cikin mai suke, kaurin man da tsabtarsa suna shafar yadda suke rabuwa. Man da ya daɗe ba a yi juye ba yana yin kauri da danƙo, ya manne faifan da juna. Man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san nau'insa ba, sau da yawa mai kauri ne irin na manyan motoci, kuma da sanyin safiyar hunturu yakan riƙe kuloci har sai inji ya yi zafi. Alamar da ke nuna mai ne ke da laifi ita ce jan yana da ƙarfi da safe, ya ragu ko ya ɓace bayan tafiyar minti goma. Cika mai fiye da alamar sama ma yana ƙara ja. Waɗannan injuna kimanin lita ɗaya suke ɗauka, kuma ana duba ma'auni ne babur na tsaye a miƙe, ba a jingine ba.

A nemi man da aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikin robarsa, wannan ma'auni ne na Japan da aka kafa musamman don baburan da kulocinsu ke cikin mai. Kaurin kuma ya bi abin da kamfani ya ce, misali 20W-50 da Bajaj ke ba da shawara a kai ga wasu baburansa. Wasu mayukan ƙananan motoci na zamani suna ɗauke da sinadarin rage gogayya, wanda ke da amfani ga mota amma yana sa kulocin babur sulɓi. A babur mai tafiya da man haɗi irin AX100, man da kuloci ke ciki shi ne na akwatin giya, daban yake da wanda ke ƙonewa tare da fetur, kuma shi ne aka fi mantawa da shi shekara da shekaru.

Babur ɗin da aka ajiye wata da watanni faifansa kan manne gaba ɗaya. Kafin a tayar da shi, a saka giya ta biyu inji a kashe, a matse hannu a riƙa tura shi gaba da baya har a ji ya saki. Saka giya kai tsaye inji na aiki a irin wannan hali yana iya cilla babur da mai shi cikin bango.

Idan sai an buɗe

Idan jan yana ƙaruwa ne yayin da inji ya yi zafi, ko kuma an bi duk abin da ya gabata bai sauya ba, matsalar tana ciki. A zubar da mai, a tanadi sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo a bakin murfi, a cire murfin dama. Kusoshin sifirin ana kwance su kaɗan-kaɗan ne a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, kuma a jera faifan a kan tsumma mai tsabta bisa tsarin da suka fito.

Faifan ƙarfe ake fara dubawa. Wanda ya yi shuɗi ko ya yi dabbare-dabbare ya sha zafi, kuma zafi ne ke kantarar da shi. A ɗora kowanne a kan gilashi mai faɗi, a danna gefe ɗaya da yatsa a ga ko ɗaya gefen zai ɗaga, sannan a gwada zura siririn ƙarfen awo da ake saita bawul da shi a ƙarƙashinsa. A CG125 iyakar kantara milimita 0.2 ce. Faifai ɗaya da ya wuce haka ya isa ya cinye ratar da sauran ke bukata, kuma a nan ake ganin yadda ɗaure waya ke komawa ya haifar da ciwon da aka so a magance: rashin wasa ya kawo sulɓi, sulɓi ya kawo zafi, zafi ya kantarar da ƙarfe, ja ya dawo fiye da na da. Masu fata kuwa a wannan inji kusan milimita 3 suke idan sabbi ne, ana canza su idan sun sauka zuwa 2.6, ko idan fatar ta yi baƙi tana ƙyalli tana warin ƙuna. Kuskuren da aka saba yi shi ne a canza masu fata kaɗai a mayar da ƙarafan da suka kantare saboda a ido suna da kyau.

Sai kwando. A shafa farce a gefen tsagoginsa inda kunnuwan faifai ke bugawa. A babur ɗin da ya yi aikin acaba ko dakon kaya na shekaru za a ji gurabu a jere kamar haƙoran zarto, kuma kunnuwan suna maƙalewa a cikinsu su ƙi zamewa idan an matse hannu. Gurabu marasa zurfi ana iya lallaɓa su da magagari mai laushi, ana cin kowace tsaga daidai da 'yar'uwarta, amma wannan jinkirta canji ne kawai, domin tsagar da aka faɗaɗa tana ba kunne damar bugawa da ƙarfi, gurbin ya dawo da wuri. Masu zurfi sai sabon kwando. A duba haƙoran cibiya ta wannan hanya, a tabbatar babban notin da ke riƙe da ita bai saki ba, a kuma tsayar da sifirin a jere a kan gilashin: idan ɗaya ya gaza sauran tsawo, faifan dannewa zai riƙa tashi a karkace, gefe ɗaya ya saki ɗayan ya riƙe. Sifirin gaba ɗaya ake canza su, ba ɗaya ɗaya ba.

Sababbin faifai masu fata a jiƙa su a cikin man da za a zuba wa injin, aƙalla na 'yan sa'o'i, kafin a jera su. Galibi jerin yana farawa da mai fata ya ƙare da mai fata, kuma duk wasalin da aka tarar a bayan cibiya ya koma inda yake, domin rashinsa na sa cibiya ta manne da kwando, kuloci ya ƙi saki ko da an ja waya har ta tsinke. Kusoshin sifirin ƙanana ne kuma a cikin alminiyom suke shiga, a ɗaure su a gicciye daidai wa daida ba tare da an hau su da ƙarfi ba.

Roba-roba ba ta da hannun kuloci, amma ita ma tana da kusar saiti da noti a murfin dama. A injunan Honda masu wannan tsari ana sassauta notin, a juya kusar dama juyi ɗaya, a dawo da ita hagu a hankali har a ji ta taɓa, sannan a mayar dama kashi ɗaya cikin takwas na juyi a kulle. Manyan babura masu kulocin da ke aiki da ruwan birki kuwa ba su da wayar da za a saita, idan suna ja galibi iska ce ta shiga layin ko ruwan ya tsufa.

Bayan an rufe murfi an zuba mai, a sake saita wasa daga farko, a fara da ƙasa a ƙarasa da sama, domin sababbin faifai sun fi tsofaffin kauri kuma saitin da ya gabata ba zai dace da su ba. Sabuwar waya tana miƙewa a kwanakin farko, sababbin faifai kuma suna zama, saboda haka a sake gwada ratar da tsinken ashana bayan mako guda, daga nan kuma a duk lokacin da aka yi juyen mai.